Za mu kwana a tanti a Yankari da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu: mu tafi da shi ko mu bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya dage sai mun je Yankari a hutun ƙarshen shekara, mu da iyalin ƙaninsa, mu kwana biyu a tanti. Ɗanmu yana da shekara ɗaya da wata goma, ya iya gudu, kuma ban yaye shi ba. Surukata ta ce ganganci ne a kai ƙaramin yaro daji. Ni ina son zuwa, amma gabana yana faɗuwa. Mu tafi da shi ko mu bar shi a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ku tafi da shi, in dai lafiyarsa ƙalau kuma katin rigakafinsa ya cika. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma ni kaina da kwanan gona na tashi. Duk kaka iyayenmu kan kwashe mu mu tare a bukka har a gama yankan gero da dawa, da masu rarrafe da masu tatata, ba a barin kowa. Matan ruga kuwa a haka suke renon 'ya'yansu shekara da shekaru. Kwana a waje ba ya kashe yaro.

Sai dai kada ki yi watsi da maganar Hajiya surukarki. Tsoronta yana kan hanya, ko da yake ina zaton zaki da giwa take hange. Yaran da ake kawo mana bayan irin wannan fita, yawanci ƙuna ce, ko gudawa, ko zazzaɓi, ko wanda aka tsamo daga ruwa. Kuma kusan duk lokacin da na zauna da uwar na tambaye ta yadda aka yi, amsar iri ɗaya ce: "Wallahi muna nan da yawa, na ɗauka yana wurin babansa." Baban kuma ya ɗauka yana wurin gwaggonsa. Yawan nan naku, gida biyu da yara da hayaniya, shi ya fi damuna a tafiyar. Saboda haka kafin ki sayi ko tocila, ku zauna da maigida da faccalarki ku yi magana ɗaya: a kowane lokaci akwai babba guda da yaron ke hannunsa, kuma ba ya fita daga hannunsa sai ya ce wa wani "ga shi nan, na ba ka" wancan ya amsa "na karɓa". Da baki za a faɗa, ba da ido ba. Za ki shiga banɗaki, za ki ta da salla, za ki sauke tukunya, duk sai kin miƙa shi. Kada a bar wa yayyensa 'yan shekara bakwai ko takwas, domin su ma wasa ya kai su. In mazan za su yi jam'i, ke ki jira su idar sannan ki yi taki.

Abin da ba ya jira shi ne katin rigakafi, ki ɗauko shi yau. Ki duba ko an yi masa allurar cutar shawara, wadda ake yi a wata tara tare da ta ƙyanda, da kuma ta ƙyanda ta biyu a wata goma sha biyar. Ina nanata ta shawara ne da dalili. A shekarar 2019 an sami ɓarkewar zazzaɓin shawara a ƙaramar hukumar Alkaleri, inda Yankari take, kuma cikin waɗanda suka kamu har da baƙi da suka je yawon buɗe ido, wasu ma sun rasu. Sauro ne ke ɗauko cutar, a daji tana zagayawa tsakaninsa da birai. Allurar guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma sai ta kwana goma a jiki kafin ta fara kariya. Ke da maigida ma ku binciki naku, manya sun fi yara yawan rasa ta.

Ki san kuma nisan da za ku yi. Daga ƙofar shiga ta Mainamaji zuwa sansanin Wikki ya haura kilomita 40 cikin daji, garin Bauchi kuwa ya fi kilomita 100. Wannan nisan shi zai faɗa miki yadda za ki yi shiri. Mota ta kwana da mai a cikinta, a juya kanta ta fuskanci hanya, makulli a wuri ɗaya da kowa ya sani. Kada ku dogara da sabis ɗin waya. Tun da rana ku tambayi ma'aikatan wurin inda aka yarda a kafa tanti da wanda za a buga wa ƙofa in wani abu ya taso da dare, kuma kada ku matsa ko taku goma daga inda suka nuna. Da ni ce, zan kama ɗaki ɗaya cikin ɗakunan Wikki ko da ba za a kwana a ciki ba. In sanyi ya yi yawa ko yaro ya ƙi barci, kina da wurin komawa.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce na fi son ki riƙe. Disamba tsakiyar hunturu ce, da asuba sanyin dajin kan sauka ƙasa da digiri 15, tanti kuma ƙyalle ne kawai. Dole wani zai ce a shigo da kaskon garwashi a ɗan ɗumama ciki. Kada ki yarda, ko da maigida ne ya faɗa, ko da garwashin ya daina hayaƙi. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Babba zai ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce gajiyar hanya ce, ya koma barci. Yaro ƙarami, da yake numfashinsa ya fi sauri, shi take fara kamawa. Ita ce dai iskar da ke hallaka iyali guda in sun kwana da janareta a cikin gida. Risho, kurfoti, fitilar kwai, kyandir, maganin sauro na kunnawa, babu wanda zai shiga tanti. Ƙyallen tanti in ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata.

Wutar da za ku hura a waje ma, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Abin da ya fi ƙona su ba harshen wutar dare ba ne, lokacin kowa na zaune yana kallo. Tokar safe ce. A ganta fari fat kamar ta mutu, alhali ƙarƙashinta garwashi na nan da ransa, yaro ya fito da sassafe ba takalmi ya taka ko ya faɗa da tafin hannu. Kafin ku kwanta a kwarara mata ruwa, a motsa da itace, a sake kwararawa. Shayi da kunu da ruwan zafin filas su ma kada a ajiye su a ƙasa kan tabarma. In ƙaddara ta faɗa ya ƙone, ki zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta na tsawon minti 20, ki cire tufa in ba ta manne ba, ki rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja ko toka. Mun sha wahalar kankare waɗannan daga jikin yara suna ihu, kuma suna jawo ruɓewar ciwo. Ƙunar da ta fi faɗin tafin hannunsa, ko ta fuska, hannu, ƙafa ko gabansa, ta asibiti ce a daren.

Ɗumi kuwa daga ƙasa ake fara nemansa, domin ƙasa ta fi iska zuƙe zafin jiki. Ki shimfiɗa tabarma, ki ɗora bargo, sannan katifa. Ki sa masa kaya biyu ko uku marasa nauyi maimakon rigar sanyi ɗaya mai kauri, da hula da safa, tunda masu irin shekarunsa ba sa barin mayafi a jikinsu. In kina son sanin ko yana jin sanyi, ƙeyarsa ko ƙirjinsa za ki taɓa, tafin hannu kan yi sanyi ko yaro lafiya lau yake. In kin ji gumi ki rage guda. Man kaɗanya ko basilin a leɓe da ƙafa da kumatu safe da yamma. Ya kwanta a gefenki can ƙurya, maigida ya kwanta a bakin ƙofa, a ja zif ɗin tantin a tsayar da kansa a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Yaro mai wata ashirin da biyu ya iya zuge zif, kuma yana iya farkawa kafin ku.

Ki gwada abin a gida tukuna. Ku kafa tantin a tsakar gida ku kwana ɗaya a ciki. A nan za ki gane ko yana tsoronsa, ko bargon ya isa, ko gidan sauron yana ratayuwa. Ki tafi masa da zanen goyon da ya saba da ƙamshinsa, kuma ki kiyaye lokacin barcinsa na rana. Mai shekarunsa yana buƙatar awa 11 zuwa 14 na barci a yini da dare, in ya rasa na rana daren kowa ya lalace.

Sai ruwan Wikki. Ba zan ɓoye miki ba, wurin yana da kyau ƙwarai. Ruwa ne garai-garai da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kana hango yashin ƙasa. Wannan haske nasa ne ke ruɗin mutane su ɗauka ba zurfi, alhali kusa da dutsen ya kusa mita biyu, kuma ruwan tafiya yake. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ba ya fantsama ruwa kamar yadda ake nunawa a fim. Shiru yake yi, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Ko ruwan bokiti ya isa, tunda nauyin kan ƙananan yara yana rinjayarsu, in suka kifa ba sa iya ɗagowa. In zai shiga, a can ƙasa inda ruwan bai wuce gwiwarki ba, hannunki a jikinsa, wayarki a jaka. Robar da ake hurawa a sa wa yara abin wasa ce, ba ta tsare rai. Minti goma zuwa sha biyar ya ishe shi, da hantsi, ki fito da shi ki goge shi nan take saboda iskar hunturu. Matakalar saukowa wurin doguwa ce, ki goya shi. Kogin Gaji da sauran tafkuna kuwa ko kusa, akwai kada da dorina, ga tsargiya a ruwan da ba ya gudu.

Sauro yana raguwa da hunturu amma ba ya ƙarewa a bakin ruwa. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, kariyarsa ta wata guda ce, zuwa Disamba ya bar jikinsa. Gidan sauro mai magani ki rataya a cikin tantin ki cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Daga la'asar sakaliya a sa masa dogon hannu da dogon wando. Man korar sauro, ki duba wanda aka rubuta DEET a jikinsa, kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari. Ki shafa a tafinki sannan ki goga masa a inda kaya ba su rufe ba, ban da tafin hannunsa da kewayen ido da baki, tunda komai baki yake kaiwa. Dajin kuma akwai tsando, cizonsa da zafi, yana bin baƙin kaya da shuɗi. Ki zaɓa masa masu haske, ruwan ƙasa ko ruwan toka.

Maciji da kunama su ne dalilin da ba zai taka ƙasa ba takalmi ba, kuma rufaffen takalmi nake nufi, ba silifa ba. Ku share kewayen tanti, ku nisanci tarin duwatsu, tsohon gungume da suri. Da safe a kakkaɓe takalma da bargo kafin a sa. Yankin Bauchi da Gombe ƙasar kububuwa ce, ƙaramar macijiya mai launin ƙasa wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Hatsarinta shi ne wanda ta sara yana iya zama kamar ba komai, sai bayan awanni jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Yaro kuma jikinsa ƙarami ne, dafin da babba zai jure shi zai kayar da shi. In ya faru, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaya neman baƙin dutse ko mai magani. A cire masa takalmi da duk abin da ke matse wurin, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a hannu zuwa mota, a nufi babban asibiti mai allurar kashe dafi. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibitin da ya ƙware a kan saran maciji, amma mafi kusa za ku fara nufa. Harbin kunama ma a mai shekarunsa ba abin shafa wa tafarnuwa ba ne. In ya fara gumi, dalala, amai ko numfashi sama-sama, ku kama hanya.

Dabbar da lalle za ku yi hulɗa da ita gwaggon biri ce. Sun saba da mutane a sansanin Wikki, suna buɗe jaka, suna shiga mota da ɗaki in an bar su a buɗe, kuma sun san ƙaramin yaro ba zai iya hana su ba. Kada ki bar shi yana yawo da biskit ko ayaba a hannu. Ya ci abincinsa a cinyarki ko cikin mota, sauran abinci a kulle a but, kada ya kwana a tanti. Mugun dawa ma suna kiwo a tsakiyar sansanin, ga yaro kamar akuya suke, zai bi su da gudu. In biri ya cije shi ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a kai shi a duba batun allurar haukan kare ko da ciwon ƙarami ne.

Kin ce ba ki yaye shi ba. Madalla, kada ki yaye shi kafin tafiyar, kada kuma ki bari a ce wannan ce damar barinsa wurin kakarsa a yaye shi. Nonon nan shi ne abinci mafi tsabta da za ki samu a daji, shi zai lallashe shi da tsakar dare a baƙon wuri, kuma in gudawa ta kama shi, shi ne abin da ba zai ƙi ba. Ruwan shansa na gora ne ko wanda aka tafasa ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya. Ki ɗauki garin kununsa ki dama sabo kowane lokaci, wanda ya wuce awa biyu a ajiye a zubar. Sabulu da buta su zauna a ƙofar tanti, wanke hannu bayan canza kunzugu da kafin ba shi abinci ya fi duk maganin da ke jakarki. Kunzugun da aka cire a ƙulle a leda a sa a mota, birai na yaga shi. Gyaɗa, aya, alewa mai tauri da dabino mai ƙwallo, a nisanta su da shi, musamman a mota, saboda shaƙewa. Sannan kananzir ko fetur kada a zuba su a gorar lemo. Wannan kuskuren ya kawo mana yara da yawa. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin komawarsa huhu ita ce illar. Asibiti kai tsaye.

Jakar magani ba sai ta yi girma ba. Ma'aunin zafin jiki, farasitamol na ruwa, ORS (garin gishiri da sukari na gudawa) kamar ƙulli shida, ƙwayar zinki, bandeji, filasta da sabulu. Ki auna nauyinsa kafin ku tashi, domin farasitamol da nauyi ake ba da shi, miligiram 15 ga kowane kilo. Mai kilo 12 zai sha mililita 7.5 na wanda aka rubuta miligiram 120 cikin mililita 5 a kwalbarsa, bayan kowace awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini. Ban da asfirin. In gudawa ce, ki haɗa ORS da adadin ruwan da aka rubuta a ƙullin, ki ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. Zinki miligiram 20 sau ɗaya a rana har kwana goma, ko da ta tsaya. ORS ɗin da aka haɗa ya kwana ya yini a zubar a sake sabo.

Akwai alamun da in kin ga ɗaya, an gama hutu, a naɗe tanti ko a bar shi a nan: ya ƙi nono da ruwa gaba ɗaya, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, idonsa ya faɗa, akwai jini a kashinsa, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana kwance shiru, in ya kai 40 ko fiye, ana zargin ciwon huhu. Zazzaɓi kowane iri a dajin nan, ki ba shi farasitamol ku fito a gwada jininsa, kada ku ce bari gari ya waye mu gani in jikin ya yi tsanani.

Fita kallon dabbobi a motar daji kan ɗauki awanni, ga ƙura ga girgiza, kuma ana son shiru. Ku zaɓi ta safe, ki zauna a tsakiya da shi a cinyarki, ki rufe masa hanci da gefen mayafi in ƙura ta taso. In kin ga ranar ba ya jin daɗi, ki bar su su tafi. Mai shekarunsa ƙadangare da tsakuwa da ganyen da ya faɗo sun ishe shi kallo, giwar ba za ta zauna a ransa ba.

Inda zan goyi bayan Hajiya ɗari bisa ɗari shi ne in yaron mai sikila ne, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon, ga nisa da asibiti. Haka in yana da asma ko tari mai shaƙewa da ƙurar hunturu ke tayarwa, in yana farfaɗiya, ko bai fi sati biyu da tashi daga zazzaɓi ko gudawa ba. A nan ko dai ku kwana a ɗaki, ko ku ɗaga tafiyar zuwa wata shekara. In ba ku san rukunin jininsa na gado ba, ku gwada kafin ku tafi.

Bayan kun dawo kuma ki ci gaba da sa ido har wata guda. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan kwana bakwai ko fiye da cizon, don haka yaro na iya dawowa garau ya kwanta a sati na biyu. Da jikinsa ya yi zafi ki kai shi a yi gwajin jini kafin a ba shi maganin maleriya, kuma ki gaya wa likita da bakinki cewa kun kwana a Yankari, ranar kaza zuwa ranar kaza, ya shiga ruwa, ga abin da ya cije shi in akwai. In kin ga idonsa ko fitsarinsa ya yi rawaya, a ranar za ki kai shi, ki tafi da katin rigakafin a hannunki.